Ciwon Daji A Sansanin 'Yan Gudun Hijira: Nauyin Da Ke Kan Masu Sani

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin da Ya halicci cuta kuma Ya halicci magani, Ya sanya lafiya ta zama ni'ima, rashinta kuwa jarrabawa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinsa Muhammadu, wanda ya bar garin haihuwarsa saboda addini, da alayensa da sahabbansa, Muhajirai da Ansaru, da waɗanda suka bi hanyarsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya zo a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihul Buhari cewa sa'ad da Musulmi suka yi hijira daga Makka zuwa Madina, zazzaɓin garin ya kama da yawa daga cikinsu, domin Madina a wancan zamani ƙasa ce mai yawan masassara. Sayyidina Abubakar ya kwanta, Bilal ma ya kwanta, har idan zazzaɓin ya ɗan sake shi sai ya ɗaga murya yana begen Makka da kwazazzabanta. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta shiga ta duba su, ta tambayi kowannensu yadda yake ji da jiki, sa'an nan ta koma ta shaida wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin da ta gani. Shi kuwa ya roƙi Allah Ya sanya musu son Madina, Ya ba garin lafiya, Ya yi albarka a cikin abincinsa, Ya kuma ɗauke masa zazzaɓin.

Mai hankali zai lura da cewa waɗanda suka kwanta ɗin nan su ne mafifitan wannan al'umma, kuma hijirarsu domin Allah ce tsantsa, amma duk da haka cuta ba ta ƙyale su ba. Ashe rashin lafiyar baƙo a ƙasar da ya sauka tsohon abu ne, kuma ba alamar fushin Ubangiji ba ce. Zai kuma lura da cewa labarin marasa lafiya bai tsaya a ɗakin da suke kwance ba. An sami wadda ta je ta gani da idonta, ta kai maganar ga shugaba, shugaba kuma ya ɗauke ta da muhimmanci. Wannan shi ne asalin da za a ɗora bayanin wannan mako a kansa.

MUHAJIRAN WANNAN ZAMANI

Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira ta ƙiyasta cewa a ƙarshen shekarar 2024 mutanen da yaƙi da tashin hankali suka raba da gidajensu a duniya sun haura miliyan 120. Wannan masifa ba ta yi wa ƙasar Hausa nisa ba. Tun 2013 aka buɗe sansanin Minawao a arewacin Kamaru domin mutanen Borno da suka tsere wa rikicin Boko Haram, wasu kuma suka ƙetara zuwa Diffa ta Jamhuriyar Nijar. Daga 2019 kuwa dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka shiga jihar Maraɗi saboda ta'asar 'yan bindiga. Ga kuma waɗanda ba su ƙetare iyaka ba, suna raɓe a gidajen dangi da kangwaye da gine-ginen makarantu.

Idan aka yi maganar lafiyar waɗannan bayin Allah, abin da yakan zo a zuciya shi ne amai da gudawa, da ƙyanda, da zazzaɓin cizon sauro, da tamowar yara. Haka ya kamata, domin waɗannan su ne masu kisa cikin gaggawa. Amma zaman gudun hijira a yau yakan kai shekara goma ko fiye, kuma akwai cutar da ke tafiya a hankali, ba ta tayar da hankalin sansani, ba a kafa mata tanti na musamman, sai dai ta ci mutum ɗaya a nan, ta ci ɗaya a can. Ita ce ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara ko kansa, Larabawa kuma su ce sarɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum wajen miliyan 20 ne aka gano sun kamu da shi, kusan miliyan 10 kuma ya zama ajalinsu. Wanda ya gudu daga gidansa bai gudu daga wannan lissafi ba.

ABIN DA AKA GANI A ƘASAR JODAN

Ƙasar Jodan ta karɓi ɗimbin mutanen Iraƙi da na Siriya da yaƙi ya koro, saboda haka a can aka bi diddigin wannan al'amari da ƙididdiga. A shekarar 2014 wani likita mai suna Paul Spiegel, wanda a lokacin babba ne a sashen lafiya na hukumar 'yan gudun hijira, shi da abokan aikinsa, suka buga sakamakon bincikensu a wata mujallar likitoci ta Ingila. Hukumar tana da wani kwamiti wanda ake kai wa takardar duk ɗan gudun hijirar da maganinsa ke da tsada, kwamitin ya duba ko za a biya masa ko ba za a biya ba. Tsakanin 2010 da 2012 takardu 1,989 suka zo gaban kwamitin a Jodan, 511 daga cikinsu na masu ciwon daji ne, kuma dajin mama ya fi kowanne yawa. Waɗanda aka amince a biya musu ba su kai rabi ba, watau kashi 48 cikin 100.

Sauran fa? Babban dalilin da ya sa aka mayar da takardunsu shi ne likitoci sun ga ciwon ya riga ya yi nisa, ba a sa ran magani zai yi wani amfani. A shekarar 2011 wannan dalili ya kai kashi 43 cikin 100 na waɗanda aka hana, tsadar magani kuma kashi 25. Mai karatu ya ɗan tsaya ya yi tunanin halin mutanen da ke zaune a wannan kwamiti. Kuɗin da ke hannunsu ƙayyadadde ne. Abin da za a kashe wa mutum ɗaya mai ciwon da ya bazu, shi ne zai yi wa yara masu yawa rigakafi ko ya karɓi haihuwar mata da dama. Dole su zaɓa, kuma zaɓinsu yakan faɗa kan wanda ya zo da wuri.

Darasin da ke ciki a bayyane yake. Attajirin da ya makara yana iya hawa jirgi ya tafi Masar ko Indiya ya gwada sa'arsa. Ɗan gudun hijirar da ya makara, ƙofa ɗaya ce gare shi, kuma makarar tana rufe ta. To, mene ne ke sa mutum ya zo da wuri? Sani ne: sanin alamomin ciwon, da sanin cewa yana da magani, da sanin cewa addini bai hana neman maganin ba. Wannan sani ba ya bukatar na'ura ko kuɗin waje, kuma na ƙarshen nan a hannun malamai yake. Masu binciken da kansu sun yi kira da a ƙarfafa wayar da kai da gwajin farko a tsakanin 'yan gudun hijira.

YADDA CIWON YAKE DA ABIN DA BINCIKE YA GANO

Allah Ya gina jikin ɗan Adam da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Suna hayayyafa bisa tsari, tsofaffi su mutu, sababbi su maye gurbinsu. Idan tsarin ya lalace a wani wuri, sai wasu ƙwayoyin su yi ta hayayyafa ba tsayawa, har su taru su zama ƙullutu. Da farko ƙullutun yana zaune wuri ɗaya, kuma sau da yawa ba ya zafi ko kaɗan. In aka bar shi, sai ya aika 'ya'yansa ta hanyar jini da kaluluwa zuwa hanta ko huhu ko ƙashi. Tun yana wuri ɗaya ana iya cire shi mutum ya warke sarai. In ya bazu, aikin ya zama na rage ciwo da tsawaita kwana in Allah Ya so.

Magabatan likitocin Musulmi sun san haka. Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan Ƙurɗuba ta Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya yi bayani a littafinsa Attasrif cewa ana fiɗar wannan ciwo ne tun yana ƙarami, a wurin da za a iya tumɓuke shi baki ɗaya kamar mama ko cinya, amma in ya tsufa ya girma kada a taɓa shi, domin shi bai taɓa warkar da irinsa ba, bai kuma ga wanda ya warkar ba. Shekara dubu ke nan da wannan magana, kuma rabinta na farko yana nan daram.

Rabinta na biyu kuwa, Allah Ya buɗe wa bayinsa abin da Azzahrawi bai gani ba. A 1948 wani likita a birnin Boston na Amurka, Sidney Farber, ya nuna cewa ana iya danne dajin jini na yara da magani, ko da na ɗan lokaci ne. A wancan zamani duk yaron da ya kamu da shi ana yanke ƙauna. A yau, a ƙasashen da suke da wadatar asibiti, yara 9 cikin 10 masu irin dajin jinin da ya fi yawa suna rayuwa. A Afirka ma an yi aiki. A 1958 Denis Burkitt, wani likitan fiɗa a Kampala ta Yuganda, ya bayyana wani daji mai kumbura muƙamuƙi da cikin yara, wanda ya fi yawa a ƙasashen sauro, kuma har yanzu da sunansa ake kiran ciwon. Ciwo ne mai saurin girma ƙwarai, amma kuma mai saurin jin magani. Cikin waɗanda suka tabbatar da haka akwai Farfesa Victor Anomah Ngu, mutumin Kamaru, wanda ya yi aikinsa a asibitin koyarwa na Ibadan, kuma aka ba shi babbar lambar yabo a Amurka a 1972 tare da Burkitt da wasu.

Daga baya, a 1983 da 1984, wani masani Bajamushe mai suna Harald zur Hausen da almajiransa suka gano nau'o'in ƙwayar cutar nan da ake kira HPV waɗanda ke haddasa yawancin dajin bakin mahaifa. Wannan ya kai ga samar da allurar rigakafi a 2006. A Ingila an bi 'yan matan da aka yi wa tayin allurar suna da shekara 12 zuwa 13, aka tarar a 2021 cewa ciwon ya ragu a cikinsu da kashi 87 cikin 100. Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 wannan allura kyauta a watan Oktoba na 2023. Haka kuma an tabbatar cewa allurar ciwon hanta nau'in B, wadda ake so a yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwarsa, tana kare shi daga dajin hanta in ya girma.

Sai dai amfanin wannan bincike bai isa ga kowa daidai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu ciwon daji suna warkewa a ƙasashe masu arziki, alhali a ƙasashe matalauta da yawa ba su kai kashi 30 ba. Mata masu dajin mama fiye da kashi 90 ke haura shekara biyar a raye a ƙasashe masu arziki, a Afirka ta Kudu kuwa wajen kashi 40. Rashin kayan aiki yana cikin dalilai, amma makara ma tana ciki. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya ba da labarin cewa kowace cuta tana da magani, ya ƙara da bayanin cewa akwai wanda ya san maganin, akwai kuma wanda ya jahilce shi. Ɗan gudun hijira yana cikin kashi na biyu ba da laifinsa ba.

MAGANAR "DAJI BA YA SON ƘARFE"

Akwai wata magana da ta yi kaka-gida a zukatan jama'a, wai ciwon daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, duk wanda aka taɓa a asibiti ya tafi ke nan. Masu faɗin haka ba ƙarya suka ƙirƙira ba, abin da idonsu ya gani suka fassara ba daidai ba. Mace takan ji ƙullutu a mamanta, ta yi shiru wata shida saboda ba ya zafi. Sa'an nan a ce sammu ne ko iska, a yi ta turare da shafe-shafe da tsaga har shekara ta zagayo. Sai ciwon ya fashe ya soma wari, dukiya kuma ta ƙare a hannun masu saye da sayar da wahalar mutane, sa'an nan a ɗauke ta zuwa asibiti. Likita ya yi iyakar ƙoƙarinsa, bayan 'yan watanni ta rasu. Maƙwabta su ce ai daman an ce ba ya son ƙarfe. Ta haka maƙwabciyarta da ta ji nata ƙullutun ita ma sai ta ɓoye. Wadda kuwa aka cire wa nata tun yana kamar ƙwayar gyaɗa, tana nan cikin mutane tana hidimarta, ba ta gaya wa kowa ba, saboda haka ba a lissafa ta.

Likitoci sun tabbatar cewa ɗan naman da ake yankowa a auna shi ne hanyar sanin ko ƙullutun daji ne ko ba shi ba ne, kuma mafi yawan ƙullutun mama ba daji ba ne. Wadda ta je aka auna, ko dai ta koma gida da kwanciyar hankali, ko kuma a kama ɓarawon tun bai gama haura katanga ba.

HUKUNCIN NEMAN MAGANI

Wasu kuma addini suke kafa hujja da shi, su ce wanda Ya ɗora shi zai yaye, zuwa asibiti raunin tawakkali ne. Gaskiya ne waraka ta Allah ce shi kaɗai, kamar yadda Annabi Ibrahimu ya shaida wa mutanensa a Suratush Shu'ara. Amma Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Usama ɗan Sharik cewa wasu Larabawan ƙauye sun tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko su riƙa neman magani, ya umarce su da su nema, ya kuma sanar da su cewa tsufa ne kaɗai ba shi da magani. Da Sa'adu ɗan Mu'azu ya sami rauni a yaƙin Handaƙ, an ajiye shi a tantin Rufaida, matar da ke jinyar masu rauni a masallacin Madina. Da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta sauka can, ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, shi kuwa ya nuna masa cewa juyawar ita ma ƙaddarar Allah ce, kamar makiyayin da ya zaɓi kwari mai ciyawa ya bar busasshe. Ɗan gudun hijira ya fi kowa fahimtar wannan, domin da ya ji harbi a bakin gari bai zauna ya ce tawakkali ba. Ya ɗauki 'ya'yansa ya gudu, kuma bai yi laifi ba. To, wanda ya guje wa harsashi da ƙafarsa, don me zai zauna wa cutar da ke cikin jikinsa?

Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa neman magani yakan zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka ko rasa wata gaɓa. Ciwon daji da aka gano da wuri yana shiga ƙarƙashin wannan hukunci. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a alheri ne, a yi su dare da rana, amma a yi su a kan hanyar asibiti. Duk malamin da ya tsare majinyaci a zaurensa har lokacin magani ya wuce, ko ya karɓi kuɗinsa da alkawarin abin da bai sani ba, ya sani za a tambaye shi. An ruwaito cewa wanda ya yi aikin likita alhali ba a san shi da likitanci ba, shi ne mai lamunin ɓarnar da ta auku.

Sai maganar kunya, wadda ta fi shafar mata, domin dajin mama da na bakin mahaifa su ne suka fi kashe matan wannan yanki. Kunya tana cikin imani, amma Nana A'isha ta yabi matan Ansaru a kan cewa kunya ba ta hana su tambayar abin da ya shafi addininsu ba, har abubuwan haila da wanka. Malaman fiƙihu sun halatta wa likita ya duba gwargwadon wurin da lalura ta shafa. Ana fara neman mace, in ba a samu ba namiji amintacce ya duba, tare da miji ko wata mace a wurin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Magidancin da ya hana iyalinsa zuwa gwaji saboda kishi, ko ya ƙaurace mata don an cire mata mama, ya ci amanar da aka damƙa masa ranar ɗaurin aure. Kuma kowa ya kiyayi harshensa game da mai dajin bakin mahaifa. Ƙwayar da ke kawo shi ta yaɗu ƙwarai a cikin mutane, kamila mai aure tana iya samunta a ɗakin mijinta, kuma takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama daji. Jifan irin wannan mata da zargi zunubi ne mai girma, kuma shi ne ke sa wasu su gwammace mutuwa a ɓoye.

ABIN DA ZA A KOYAR DA WANDA ZAI KOYAR

Abin da ake so mutanen sansani su sani ba shi da yawa, ana iya faɗinsa bayan sallar La'asar kafin a tashi. Mace ta riƙa shafa mamanta da hammatarta, in ta ji ƙullutu, ko ta ga fatar ta yi kamar ɓawon lemo, ko kan maman ya shige ciki ko yana fitar da jini, ta je a duba ko da ba ya zafi. Haka nan jinin da ke zuwa bayan saduwa, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan al'ada ta ɗauke saboda girma. Namiji da mace duka su lura da gyambon da ya ƙi warkewa, da jini a fitsari ko bayan gida, da wahalar haɗiya, da dushewar murya mai daɗewa, da rama ba dalili. Iyaye su lura da kumburin muƙamuƙi ko ciki mai saurin girma ga yaro, da farin haske a ƙwayar idonsa kamar na kyanwa da dare. Waɗannan alamomi ba su tabbatar da daji, suna wajabta zuwa ne kawai. A kuma sanar da su cewa taba, ta sha ce ko ta leɓe, tana kawo shi, kuma gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna ɗauke da dafi mai lalata hanta, abin da ya kamata a kula da shi a inda ake ajiye hatsi cikin tanti mai danshi. A kai jarirai da 'yan mata allurar rigakafi. Wanda aka fara wa magani kada ya yanke don ya ga gashinsa ya zube ko don kumburin ya sace, sai likita ya sallame shi.

Wa zai faɗi wannan? Ma'aikacin lafiya baƙo ne, yau yana nan gobe an sauya masa wuri, sau da yawa ma sai da tafinta. Liman kuwa tare aka gudo da shi, shi ya ɗaura aurensu, shi ke sallar gawarsu, kalmarsa ɗaya ta fi takarda ɗari. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya lissafa ilimin likitanci cikin farillan kifaya, watau idan aka rasa mai tsayawa da shi a gari, mutanen garin duka suna da laifi. Ba a ce liman ya zama likita ba. Ana so ya je wurin likita ya zauna kamar almajiri na awa ɗaya, bisa umarnin Suratun Nahli na tambayar masu sani, sa'an nan ya dawo ya isar da abin da ya ji ba ƙari ba ragi.

Game da mata kuwa, ƙasar Hausa tana da abin koyi nata na gida. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ita ma ta ɗanɗani hijira tana yarinya sa'ad da jama'ar Shehu suka bar Ɗagel zuwa Gudu a 1804, ta kafa tsarin 'yan taru. Takan karantar da dattijan mata da ake kira jajoji, su kuma su koma ƙauyukansu su karantar da matan da ba su iya zuwa. Malaman Islamiyya mata da ungozomomi da ke cikin sansanoni su ne jajojin yau. Abin da mace ba za ta iya faɗa wa mijinta ba, tana iya raɗa wa ungozomar da ta karɓi haihuwarta.

Sa'an nan sai masu hali. Sani yana kai mutum bakin ƙofa, amma shiga sai da guzuri. Nijar ta buɗe cibiyar gashin daji da na'ura a Yamai a 2021, amma daga Diffa zuwa Yamai ya haura kilomita 1,300. Sau da yawa kuɗin mota da abincin mai jinya ne ke hana tafiya tun ba a kai ga kuɗin magani ba. Allah Ya yabi Ansaru a Suratul Hashri da cewa suna son waɗanda suka yi hijira zuwa gare su, suna kuma fifita su a kan kansu ko da su ma suna cikin bukata. Ɗan gudun hijira mai ciwon daji matalauci ne, sau da yawa mai bashi ne, kuma ya yanke daga dukiyarsa kamar ɗan hanya, duk kuwa waɗannan suna cikin masu cin zakka da aka lissafa a Suratut Tauba. Masallacin Juma'ar da ke maƙwabtaka da sansani, in ya keɓe wani abu daga abin da ake tarawa domin kai mutum ɗaya gwaji a kowane wata, ya yi aikin da Suratul Ma'ida ta kwatanta da raya mutane baki ɗaya.

WANDA LOKACI YA ƘURE MASA

Akwai waɗanda wannan bayani zai riske su ciwon ya riga ya bazu. Su ma suna da haƙƙi. Kada a ce da su sun yi sakaci, domin abin da ya wuce ya wuce da ƙaddarar Allah. Akwai magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi da likita ke bayarwa, kuma shan su bisa umarninsa halal ne, ba ya rage ladan haƙuri. Ciwon daji ba a ɗaukarsa ta hanyar taɓawa ko cin abinci a kwano ɗaya, saboda haka babu dalilin ware majinyaci a bayan tanti. A wanke masa miki, a zauna kusa da shi, a taimake shi ya yi salla yadda ya iya, a zaune ko a kwance, a tuna masa cewa babu wata wahala da ke samun mumini, har ƙayar da ta soke shi, face Allah Ya kankare masa zunubi da ita. Ranar ƙiyama Ubangiji zai tuhumi wanda ya san bawansa ba shi da lafiya bai je ya duba shi ba, kamar yadda ya tabbata a Sahihu Muslim.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya sanya abin da ya same su ya zama kaffara. Allah Ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu cikin aminci, Ya saka wa waɗanda suka sauke su da alheri. Allah Ya ƙara wa likitoci da masu bincike basira, Ya ba malamai ikon isar da abin da suka sani tun yana da amfani. Amin. Allah ne Mafi sani.